IBD: Ba Olsa Ba Ce, Kuma Gadonta Ba Irin Na Sikila Ba Ne

Da zarar watan Mayu ya kama, haruffan nan uku, IBD, sai su fara yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, har da namu na nan Kaduna, tare da hotunan masu gudu cikin riguna masu launin shunayya. Ranar 19 ga Mayu ce duniya ta ware wa wannan cuta ta kumburin hanji, wadda ake kira Inflammatory Bowel Disease da Turanci, kuma a Amurka da Ingila ƙungiyoyin masu fama da ita kan shirya tattaki da gudun fanfalaki don tara kuɗin bincike. Madalla da wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne bayanin da ke biyo bayan hotunan in sun iso wajenmu, har a bakin wasu masu shirin lafiya a rediyo: wai "wani nau'in olsa ne da ake gado". Kuskure biyu ke nan a magana ɗaya.

Olsa gyambo ne a tumbi ko farkon ƙaramin hanji, yawanci sanadiyyar ƙwayar H. pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, ko yawan shan maganin ciwon jiki. Maganin 'yan makonni kan warkar da ita. IBD kuwa kumburin hanji ne mai naci, inda garkuwar jiki ke afka wa hanjin mai ita. Iri biyu ne manya. Akwai cutar Crohn, mai sunan likitan New York, Burrill Crohn, wanda ya bayyana ta da abokan aikinsa a 1932. Tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Ɗayar kuma tana tsayawa ne a babban hanji. Alamomin IBD su ne gudawa ta makonni, jini da majina a bayan gida, murɗawar ciki, rama, kasala. Ta lafa, ta sake tasowa. Magani yana kwantar da ita, amma ba ya raba mutum da ita kwata-kwata.

Kalmar "gado" ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Kaduna, in ka haɗa ciwo da gado, abin da ke faɗo wa kowa a rai sikila ce, saboda an sha wayar mana da kai a kanta: AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafi ne tsayayye, ana gwada shi kafin ɗaurin aure, kuma aure nawa aka fasa a kansa. To, uwar da ta ji an ce ciwon hanjin 'yarta "na gado" ne, me za ta yi? Za ta ɓoye. Za ta ce olsa ce, ko basir, kada dangin manemi su ji, kada ƙannen yarinyar su yi kwantai.

Alhali IBD ba ta bin wannan lissafi ko kaɗan. Ba ƙwayar halitta ɗaya ke kawo ta ba. Masana sun gano wurare sama da 200 a ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗarinta, na farkon da ya yi suna shi ne NOD2 a 2001, kuma kowannensu ɗan ƙari ne kawai. Sai abubuwan rayuwa sun haɗu da su, irin su shan taba, wanda ke tsananta cutar Crohn. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa Hassan na da ita Husaini lafiyarsa ƙalau. Akasarin masu cutar ba su da wani ɗan'uwa mai ita, kuma akasarin 'ya'yansu ba sa samun ta. Babu gwajin kafin aure da zai ce maka e ko a'a. Ba a kuma ɗaukar ta a kwanon abinci ko a buta. Abin da ke gaskiya shi ne, wanda mahaifinsa ko shaƙiƙinsa ke da ita ya fi sauran mutane kusa da samun ta.

A ganina amfanin sanin wannan ɗaya ne, kuma shi ya kamata masu gudu su riƙa faɗa, ko a dandalin Murtala ne da safiyar Asabar: a gaya wa likita. Kunyar maganar bayan gida tana cutar da mu ƙwarai. Saurayi ɗan shekara ashirin zai shekara yana zubar da jini, yana yawo tsakanin kemis da mai maganin basir, ana ba shi diclofenac ko ibuprofen, waɗanda ke iya tayar da ciwon, alhali kawunsa ya yi fama da irin wannan ba wanda ya taɓa faɗa.

Likitan ma aikinsa a nan ba mai sauƙi ba ne. Atini da tarin fuka na hanji suna kama da IBD ƙwarai, kuma sun fi ta yawa a ƙasarmu. In aka ba mai ɗayansu maganin danne garkuwar jiki irin wanda ake ba masu IBD, an ƙara masa ciwo. Shi ya sa sai an yi gwajin bayan gida, an leƙa hanjin da na'ura, an ɗebo ɗan nama an duba, aikin da sai manyan asibitoci irin su na koyarwa da ke Shika, Zariya. Jin cewa akwai mai irin ciwon a gida na iya sa likita ya tura mara lafiya can da wuri.