Gajerun Hanyoyin Madannai a Manhajojin Tace Bidiyo

Gajeriyar hanyar madannai ita ce maɓalli guda, ko haɗin maɓallai biyu zuwa uku, da ake dannawa a allon madannai domin manhaja ta zartar da wani umarni ba tare da an bi ta jerin zaɓuɓɓuka da linzamin kwamfuta ba. A aikin tace bidiyo, inda edita yake maimaita yanka da gogewa da matsar da hoto tun safe har dare, manyan manhajoji suna ba shi damar sauya waɗannan maɓallai yadda suka dace da hannunsa.

Akwai maɓallan da kusan duk manhajojin suka yi tarayya a kansu. J yana mayar da hoto baya, K yana tsayar da shi, L kuma yana tura shi gaba, kuma idan aka sake danna J ko L gudun yana ƙaruwa. I da O su ne ake sa alamar farko da ƙarshen yankin da ake so a ɗauka. A sauran umarni kuwa kowace manhaja da nata tsarin: wuƙar yanka tana kan C a Adobe Premiere Pro, amma tana kan B a Final Cut Pro da DaVinci Resolve, abin da yake sa wanda ya sauya manhaja ya yi ta tuntuɓe a kwanakin farko. Saboda haka ne Premiere Pro da Resolve suke zuwa da shiryayyun tsare-tsare masu kwaikwayon na abokan gogayyarsu, ciki har da na Avid Media Composer, manhajar da ta fito tun 1989.

Hanyar sauyawa ba ta da wuya. A Premiere Pro da Resolve ana danna Ctrl da Alt da K a kan Windows, ko Command da Option da K a kan Mac, kuma wannan haɗin na biyu shi ne yake buɗe wurin a Final Cut Pro. Hoton allon madannai zai bayyana, sai a nemo umarnin da sunansa, a ɗora shi a kan maɓallin da ake so. Premiere Pro tana nuna maɓallan da suke aiki a ko'ina cikin manhajar da launin shunayya, waɗanda suke aiki a wani sashe kaɗai kuma da kore, sannan tana gargaɗi idan maɓallin da aka zaɓa yana ɗauke da wani umarni. Wannan gargaɗi bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, domin tsohon umarnin zai zauna babu maɓalli, kuma sau da yawa sai ana tsakiyar aiki ake gane hakan.

Babban dalilin sauyawa shi ne rabon aiki tsakanin hannuwa biyu. Hannun dama yana kan linzami, amma J da K da L da I da O duk suna gefen dama na allon, don haka edita yakan saki linzamin ya danna su, ya sake komawa. Gogaggun editoci da yawa suna tattara yanka, da gogewa mai cike gurbi, da matso da hoto kusa a ƙarƙashin hannun hagu, wajen Q da W da E da A da S da D. Premiere Pro ma ta riga ta ɗora datse farkon yanki a kan Q, datse ƙarshensa a kan W. Mafi alheri shi ne a fara da umarni kaɗan da aka fi maimaitawa, a bar hannu ya saba da su kafin a ƙara wasu.

Nau'in allon ma yana da tasiri. A tsarin AZERTY na Faransanci, wanda ake yawan samu a Nijar, A da Z ne suke zaune a gurbin Q da W, saboda haka Q da W, waɗanda suke maƙwabtaka a allon QWERTY na Turanci, sun rabu zuwa layuka daban-daban, kuma tsarin da aka shirya a kan ɗaya yakan buƙaci gyara a kan ɗayan.

Ana adana sabon tsari da suna na musamman domin na asali ya zauna yadda yake. Premiere Pro tana ajiye shi a fayil mai ƙarshen .kys, Resolve kuma tana fitar da shi a matsayin fayil na .txt, wanda edita zai iya sawa a filashi ya ɗora a wata kwamfutar idan aiki ya kai shi wani ɗakin tace hoto.