Binciken tarihin ƙauye a Ayalan: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Tambayoyin nan ba sa canjawa, ko daga ɗalibi suka fito, ko daga wanda ya tare a ƙauyen Ayalan yana son sanin tarihin wurin, ko mai neman asalin dangin miji ko na mata. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Daga ina zan fara?

Daga sunan taunlan, wato ƙaramin yankin karkara da tsibirin Ayalan ke da irinsa fiye da 60,000, wani bai wuce 'yan gonaki da gidaje ba. Kusan duk tsofaffin takardun filaye da na ƙidaya da shi aka jera su. Wanda ya ce kakansa mutumin lardin Mayo ne kawai, bai fara ba tukuna. In rubutun sunan yana rikita ka, duba logainm.ie, shafin sunayen wuraren Ayalan.

An ce duk takardun sun ƙone. Gaskiya ne?

A'a, kuma a daina yaɗa wannan magana. Ranar 30 ga Yuni 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dablin ta ƙone. Ƙidayar 1821 zuwa 1851 ta tafi sai 'yan guntaye, haka rajistar majami'un Angilika masu yawa. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata tun kafin gobarar. Amma rajistar haihuwa da aure da mutuwa tana nan, ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan, littattafan majami'un Katolika ma ba su shiga wutar ba domin a hannun limamansu suke.

Sai na biya kuɗi?

Ba sai ka biya ba a matakin farko. Ƙidayar 1901 da ta 1911 kyauta ce a shafin ma'ajiyar takardu ta ƙasa. Rajistar gwamnati, wadda aka fara wa kowa a 1864, tana irishgenealogy.ie: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50.

Ina zan ji abin da mutanen ƙauyen suke faɗa da bakinsu?

A duchas.ie. Tsakanin 1937 da 1939 an sa yara fiye da 50,000 daga makarantun firamare wajen 5,000 su tambayi iyaye da kakanni da maƙwabta, su rubuta abin da suka ji: magungunan gargajiya, sunayen gonaki, rijiyoyin waliyyai, labarin babbar yunwar da ta fara a 1845. Nemi sunan makarantar da ta fi kusa da wurin. Larduna 26 kawai aikin ya shafa, ban da shida na arewa. Kuma kada ka ɗauki shekarar da yaro ya rubuta a matsayin hujja, ji ya yi daga tsoho, tsohon ma ji ya yi.

Na samu mutum uku masu suna ɗaya a wuri ɗaya, shekarun ba su dace ba. Wanne ne nawa?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba kullum ake samun amsa yankakkiya ba. Da farko kwantar da hankalinka game da shekaru. Dokar fansho ta 1908 ta ba wanda ya kai 70 kuɗin mako daga Janairun 1909, shi ya sa za ka ga mai shekara 55 a 1901 ya zama 72 a 1911. Wani ƙari ya yi, wani kuma can baya ne ya rage, wani bai taɓa sanin shekarunsa ba. Saɓanin shekara biyar, ko bakwai ma, ba ya kore mutum. Har ranar haihuwa a rajistar gwamnati abar tuhuma ce: a lokacin ana cin tarar wanda ya makara wajen rajista, sai iyaye su matso da ranar gaba. In ka ga an yi wa jariri baftisma kafin ranar da aka rubuta an haife shi, dalilin ke nan, kuma ranar coci ta fi kusa da gaskiya.

Sunan yanka ma ba ya raba gardama. Al'ada ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, don haka 'ya'yan 'yan'uwa maza uku duk sai su tashi da suna ɗaya. Limaman Katolika da yawa kuma da Latin suke rubutu, James ya koma Jacobus, Bridget kuwa a gida ana iya kiranta Delia.

Abin da ya fi riƙe gaskiya shi ne ƙasa. Buɗe kundin ƙimar filaye na Griffith, wanda aka wallafa tsakanin 1847 da 1864. Yana ba da sunan mai riƙe da fili, wanda ya ba shi haya, faɗin filin da lambarsa. Inda suna ya zo ɗaya, masu aikin sukan ƙara sunan uba ko laƙabi a gefe, kada idonka ya tsallake shi. Daga nan bi lambar filin cikin littattafan gyara na ofishin ƙimar filaye, inda aka riƙa soke sunan wanda ya mutu ko ya tashi a rubuta na magajinsa da tawada mai wani launi, shekarar tana gefe. Shekarar kan makara da ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Haka za ka bi gona guda har ta haɗu da ƙidayar 1901. A yi hattara: taswirar da ke tare da kundin a intanet sau da yawa ta baya ce, an sake lambobi a kanta, saboda haka lamba 7 a shafi ba lallai ta zama 7 a taswira ba.

Sai ka gwada da takardar aure, domin tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya, da shaidun baftisma, waɗanda galibi dangi ne ko maƙwabta. Ƙidayar 1911 ta tambayi matan aure shekarunsu da aure, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. In hujja uku masu zaman kansu suka nuna mutum ɗaya, riƙe shi. In biyu ne, rubuta “mai yiwuwa” ka bar shi haka. Wani lokaci a nan maganar take tsayawa, musamman a yammacin ƙasar inda wasu majami'u ba su fara rajista da wuri ba.

Na duba gundumar cocin ban ga kowa ba.

Gundumar gwamnati daban, ta cocin Katolika daban, ko da sunansu ɗaya. Duba ta maƙwabta. Aure kuma yawanci a cocin amarya ake ɗaura shi.

Rubutun dutsen kabari ya dushe. In goge shi da burushin ƙarfe?

Kada ka kuskura. Ba burushi, ba bilic, ba alli. Je da yamma ka haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan, ka ɗauki hoto.

Zan iya yawo da na'urar gano ƙarfe a tsohon kango?

A'a. Neman kayan tarihi da ita ba tare da lasisi ba laifi ne, ko da mai gonar ya yarda. Abin da ka tsinta ba da gangan ba ma na gwamnati ne, sai ka sanar da gidan tarihi na ƙasa da ke Dablin.