Wai "kwamfutarka ta kamu da bairos 5, kira wannan lamba yanzu": amsoshin tambayoyin da kuke ta turo min

Jama'a barkanmu da warhaka. Kwanakin baya ƙanin wani abokina ya kira ni wajen goma na dare murya na rawa, wai Yaya laftof ɗin gida ta lalace a hannuna. Ƙwallo yake kallo a irin shafukan nan na kyauta, kawai sikirin ya koma ja, wata ƙara tana ta ƙiiii ƙiiii, ga muryar wata mata da Turanci tana cewa kar ya kashe kwamfutar, ga lambar waya ɓaro-ɓaro a tsakiya, linzami ma ya ɓace. Na ce ya danne maɓallin Esc na kibod ya riƙe kar ya saki. Ko sakan biyar ba a yi ba ya ce min Yaya abin ya tafi. Toh tunda irin wannan tambayar ta yi yawa bari na tattara su wuri ɗaya na amsa.

Malam wai menene wannan abu, kuma daga ina yake faɗowa?

Talla ce, tallar da aka sa wa kayan jami'in tsaro. Shafin intanet ne kamar kowanne, sai dai an zauna an zana shi ya yi kama da tagar Windows, da tambarin Microsoft ko na wani sanannen antibairos irin su McAfee da Norton, aka rubuta maka wai an gano manhajar leƙen asiri a kwamfutarka tana kwashe fasawod da bayanan banki. Su waɗancan kamfanonin ba su ma san ana yi ba, sunansu kawai aka ara.

Inda aka fi cin karo da shi kowa ya sani, shafukan sauke fim kyauta, na kallon ƙwallo, na manhajojin sata, da irin shafin da za ka ga maɓallin Download har huɗu ba ka san na gaske ba. Masu irin waɗannan shafuka da talla suke ci, kuma ba ruwansu da wanda ya sayi gurbin tallar. Amma kar wani ya ce ai ni ba na shiga irin wuraren nan, don a watan Satumba na 2009 shafin jaridar New York Times da kansa ya riƙa jefo wa masu karatu wannan gargaɗin. Wasu ne suka je a matsayin kamfanin waya na Vonage, suka sa tallar kirki na wasu kwanaki har aka saki jiki da su, ƙarshen mako na zuwa suka musanya ta. A 2010 aka yi wa jaridar Star Tribune ta Miniyafolis irin haka da tallar otal ɗin Best Western ta bogi, kuma mutumin Latbiya da ke da hannu a ciki, Peteris Sahurovs, sai a 2018 wata kotun Amurka ta ɗaure shi wata 33.

Amma fa da idona na ga yana sikanin, layi yana tafiya, yana lissafo fayiloli

Ai nan ne wasan yake. Abin da ka gani zane ne mai motsi, kamar katun, an riga an shirya shi tun kafin ka zo. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa cikin kwamfutarka ya bincika fayilolinka, burauza ba ta ba shi wannan damar, da tana bayarwa da duk shafin da ka buɗe sai ya kwashe hotunanka. Antibairos na gaske sai an girka shi a kan kwamfutar, kuma in ya tashi bincike yakan ɗauki mintuna, wani lokacin ma awa, shi kuma wannan cikin sakan goma wai ya gama ya gano bairos biyar. Da za ka buɗe shafin a kwamfuta sabuwa fil daga kwali, biyar ɗin dai zai ce maka. Abin dariyar ma, akwai lokacin da masu Mac da Linux ke ganin yana "bincika" Local Disk C, wato ma'ajiyar fayiloli ta Windows, alhali su ba su da wani C.

Wani zai ce toh ya aka yi ya san wayata Tecno ce, har ya ambaci garinmu? Wannan ba duba ba ne. Duk shafin da ka shiga, burauza takan gaya masa irin na'urar da kake amfani da ita, lambar IP kuma, wato adireshin na'urarka a intanet, tana nuna kamfanin layinka da yankin da kake, shi ya sa ma wani lokacin kana Gusau sai ya ce kana Legas. Girgizar da wayar ke yi ita ma shafi yana iya sa ta. Duk don gabanka ya faɗi ne, saboda mai firgici ba ya tsayawa karatu.

Toh su me suke samu? Wahalar banza kawai?

Wace wahalar banza, kuɗi ne maƙudai. Bari na ba ku labarin Innovative Marketing, kamfani ne guda da a zamaninsa yake da ofis a Kiyef ta Yukiren da ɗaruruwan ma'aikata, masu rubuta manhaja daban, masu zane daban, kamar kowane kamfanin arziki. Su ne masu WinFixer, WinAntivirus, DriveCleaner, ErrorSafe da XP Antivirus, waɗanda suka yi zaman kafe a zamanin Windows XP wataƙila za su tuna sunayen nan. Tallarsu za ta ce an gano ɓarna, ka biya dala 39.95 ko fiye a goge maka, ka biya, manhajar ta "goge" abin da dama babu shi, ta nuna maka koren tambari, kai kuma ka yi hamdala. Har sashen sauraron ƙorafi suke da shi a jihar Ohayo ta Amurka, in ka kira kana faɗa a lallashe ka. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai su kotu a Disambar 2008 ta ce sun yaudari mutum sama da miliyan ɗaya, a 2012 kuma kotu ta yanke wa ɗaya daga cikinsu, Kristy Ross, biyan sama da dala miliyan 163. Haka a Yunin 2011 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta sanar da tarwatsa wani gungun daban da ya yagi kusan dala miliyan 72 daga mutum wajen 960,000. Wannan fa duk da tsoro kawai aka tara shi.

Yanzu salon ya ɗan canza. Mafi muni shi ne mai lambar waya. Ka kira, wani ya ɗauka cikin ladabi ya ce shi injiniyan Microsoft ne, ya ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer don ya duba maka, su kuma manhajojin nan halastattu ne, masu gyara na amfani da su kullum, amma da ka karanta masa lambar da ta fito shikenan ka miƙa masa linzami da kibod ɗinka. Zai buɗe wani wuri a Windows mai suna Event Viewer ya nuna maka jajaye da rawayen alamomi ya ce ka gani ko, alhali kowace kwamfuta mai lafiya tana da su rututu. Daga nan sai maganar kuɗin gyara, ko ya ce ka shiga asusun bankinka yana kallo. An sha kai samame kan ofisoshin masu irin wannan kira a Indiya, kuma tsofaffi a Amurka da Ingila suka fi hari, shi ya sa lambar da ke fito maka sau da yawa ta ƙasar waje ce.

Akwai kuma na kamasho, wanda ni na fi gani a wayoyin mutanenmu. Shi tsorata ka zai yi ya tura ka sauke wata manhajar "wanke waya" ko VPN, ko ma ya kai ka shafin antibairos na gaske ka saya, shi a ba shi ladan kawo kwastoma. Kamar ɗan kamasho a tasha ya ce maka motar can tayarta za ta fashe, don dai ka shiga tasa.

Ya zan bambance na gaske da na ƙarya?

Lambar waya ita ce babbar shaida. Microsoft da kanta ta faɗa cewa saƙonninta na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya, saboda haka da ka ga lamba an gama magana. Sannan ka duba a ina saƙon yake zaune, in a cikin Chrome ko Edge ko Firefox yake, sama ga wani adireshi mai tsawo marar kan gado, toh shafi ne. In yana ƙirga lokaci wai saura minti biyu a goge komai, in yana ihu, in yana cewa kar ka kashe, ƙarya ne. Antibairos na gaske ba ya hayaniya, ɗan saƙo zai fito a gefe ya ce ya kama abu kaza ya killace shi, kai ma ka buɗe shi ka gani a tarihinsa. Kuma mai sauƙin ma, in saƙon ya ce McAfee ɗinka ya ƙare alhali kai ba ka taɓa girka McAfee ba, ai ba sai an kira malami ba.

Ya riga ya fito, ya cika sikirin, ya ƙi rufuwa. Me zan danna?

Kar ka danna komai a cikinsa, ko Cancel, ko ɗan X ɗin da ke jikin tagar, don sau da yawa shi ma zane ne, duk inda ka taɓa wuri ɗaya zai kai ka. Ka danne Esc ka riƙe na ɗan lokaci, ko F11, sikirin zai dawo daidai sai ka rufe shafin daga sama. In ya ƙi, Alt da F4. In ya ƙi, Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi burauzar ka danna End task. Masu Mac kuma Command da Option da Esc, don su ma ba su tsira ba, a 2011 wani antibairos na bogi mai suna Mac Defender ya sha da su sosai har sai da Apple ta fitar da gyara. In duk ka rikice, danne maɓallin kunnawa har ta mutu, ba abin da zai goge duk da ihun da matar ke yi.

Sai dai ga inda mutane ke komawa ruwa, in ka sake buɗe burauza za ta tambaye ka ko a dawo maka da shafukan da ka bari, Restore. Ka ce a'a. Yaron da na ba ku labarinsa sai da ya sake kira na bayan minti uku wai abin ya dawo, ashe abin da ya danna kenan.

Ni nawa ba ya cika sikirin, a gefe yake fitowa kullum ko ban shiga ko'ina ba. Wannan ai bairos ne ko?

Yawanci ba shi ba ne. Wata rana wani shafi ya ce maka danna Allow don ka tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne, ko don bidiyo ya fara, ka danna, ashe izinin turo maka notifikeshan ka ba shi. Tun daga ranar yake aiko maka da saƙo ta kusurwar da Windows ke sa nata, shi ya sa yake kama da na gaske. A Chrome ka shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, za ka tarar da jerin shafukan da ka ba izini, duk wanda ba ka gane ba ka cire shi ko ka yi masa Block. A waya ma haka ne a saitin Chrome ɗin. Na taɓa ganin kwamfutar wani shagon buga takardu da shafi ya fi talatin a wannan jerin, kowane kwastoma ya zo ya danna nasa ya tafi, mai shagon har ya fara shirin yin fomatin, abin da bai ci minti biyar ba.

Toh ni na riga na danna, na sauke, har na sa katina

Banki za ka fara nema kafin kwamfuta. Ka toshe katin nan take, ta manhajar bankin ko lambar da suke bayarwa ta toshe kati, in ya so gobe ka je a ba ka sabo, kuma duk wanda ya kira ka daga baya wai zai dawo maka da kuɗinka ka ba shi OTP, su ne dai suka sake dawowa. In ka bari wani ya shiga kwamfutar daga nesa, cire ta daga intanet, ka goge manhajar da ya sa ka girka, ka canza fasawod ɗin imel da na banki da na Facebook amma daga wata na'urar daban, imel ɗin shi ne farko don ta nan ake sake saita sauran. Sannan ka yi cikakken sikanin da Windows Security, wato sashen tsaron da ke zuwa cikin Windows. In mutumin ya daɗe a ciki yana abin da ba ka gane ba, gaskiya ni shawarata a kwashe takardu da hotuna a sake girka Windows, ya fi kwanciyar hankali.

In kuma fayil ɗin kawai ya sauko ba ka buɗe shi ba, goge shi daga Downloads ka ci gaba da harkarka.

Oga wane antibairos zan saya kenan don abin ya daina?

Ba wanda zai hana shafi nuna maka hoton ƙarya ɗari bisa ɗari, tunda shi hoton ba bairos ba ne. In Windows 10 ko 11 gare ka, Microsoft Defender yana ciki kyauta, ga mai amfanin yau da kullum ni dai ina ganin ya wadatar in ana barin sa yana sabuntawa, matsalarmu dai mu kan kashe sabuntawar don tsoron cin data. Abin da ya fi rage wannan fitinar shi ne ka sa abin toshe talla a burauza, irin uBlock Origin a Firefox ko uBlock Origin Lite a Chrome, daga rumbun burauzar na ainihi za ka ɗauko shi ba daga wata tallar ba. Shi na sa wa yaron a laftof ɗin gidansu washegari, na kuma rubuta masa "Esc, a riƙe" a ɗan takarda na manna a gefen kibod saboda Hajiyarsu ma tana amfani da ita.