Ƙwayar Zarra

Ƙwayar zarra, ko atam, ita ce yanki mafi ƙanƙanta na sinadari da ke riƙe da halayen sinadarin. Ruwa da iska da ƙarfe da jikin ɗan Adam duk da ita aka gina su. Sai an jera kimanin miliyan 10 kafin su cika milimita ɗaya.

Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Demokritus, masanin falsafa na Girka, ya ce komai daga ƙananan ƙwayoyi yake, sai dai da tunani ya faɗa, ba da gwaji ba. John Dalton na Ingila ne ya ɗora maganar a kan ma'auni a littafinsa na 1808, yana ganin ƙwayar ba ta rabuwa. A 1897 J. J. Thomson ya gano elektiron, aka gane ashe tana da sassa.

Gwajin da ya fi fito da siffarta shi ne na Jami'ar Manchester a 1909. Hans Geiger da Ernest Marsden, ƙarƙashin Ernest Rutherford, sun riƙa harba ƙwayoyin alfa, wasu 'yan mitsitsin ƙwayoyi masu saurin gudu, kan siririn fallen zinariya. Yawancinsu suka wuce salin alin, 'yan kaɗan kuwa suka dawo da baya. Daga nan Rutherford ya bayyana a 1911 cewa kusan duk nauyin zarra yana dunƙule a wata 'yar cibiya, sauran kuwa sarari ne. Da zarra za ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta wuce ƙwayar wake ba.

A cikin cibiyar akwai furoton mai cajin lantarki na fozitif, da niyutiron marar caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Elektiron, mai cajin negetif, yana kewayen cibiya, kuma furoton ya ninka shi nauyi kusan sau 1,836. Niels Bohr ya zana elektiron a 1913 suna zagaye hawa-hawa. Har yau da zanensa ake koyarwa a makarantu don sauƙinsa, ko da yake binciken baya ya nuna ba su da tsayayyar hanya, sai dai a ƙiyasta inda aka fi samun su.

Yawan furoton ne ke tantance sinadari: haidurojin 1, kabon 6, oksijin 8, zinariya 79. An san sinadarai 118. Elektiron na hawan waje kuwa su ke ƙulla sinadari da wani; gishirin miya yana samuwa ne idan sodiyom ya miƙa wa kulorin elektiron ɗaya.

Yawan niyutiron na iya bambanta a sinadari guda, abin da ake kira aisotof. Yuraniyom da ake haƙowa a Arlit ta jihar Agadez furoton 92 gare shi, amma fiye da kashi 99 cikin 100 nau'in 238 ne, wato jimillar furoton da niyutiron ɗinsa 238. Nau'in 235, wanda cibiyarsa ke saurin tsagewa ta ba da makamashin nukiliya, kashi 0.7 ne kacal, shi ya sa yawancin tashoshin nukiliya sai an tace musu yuraniyom an ƙara yawan nau'in 235 a cikinsa kafin su yi amfani da shi.