Ma'anar "sitenles", da dalilin da ya sa yake tsatsa a bakin walda

Kwanan nan duk inda ka juya a Legas sai ka ji "sitenles". Masu tallar get da ƙarafan bene a Facebook, masu tankin ruwa, har mai sayar da cokula a Agege, kowa kayansa sitenles ne, kuma kowa da rantsuwarsa cewa har abada ba ya tsatsa. Da can "silba" muke ce wa duk ƙarfen da ke ƙyalli. Suna kawai muka sauya, ruɗanin yana nan.

Sitenles ƙarfe ne da aka haɗa shi da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tare tsatsa. A 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley ya dace da haɗin a garin Shefil na Ingila, yana neman ƙarfen da bututun bindiga zai daɗe bai cinye ba. Ke nan kalmar tana nufin wani adadi ne a cikin jikin ƙarfe. Adadin nan kuwa yana iya raguwa, kuma a wurin walda yake raguwa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutane suka ɗauka sitenles kamar turare ne, duk abin da ya raɓe shi zai ɗauki ƙamshi. Baffana ya sa aka yi masa ƙarafan baranda a gidansa na Ajah: bututun sama sitenles, ƙafafun baƙin ƙarfe don a rage kuɗi. Wannan ba laifi ba ne, ana haɗa su a masana'antu kullum. Amma damina ɗaya ta wuce, duk mahaɗun sun yi ja, biyu ma sun tsage. Ya kira ni yana faɗa wai an sayar masa da jabu. Na ce, "Baffa, bututun lafiyarsa ƙalau, a tambayi mai waldar da wace sanda ya yi aikin." Da 6013 ya yi, sandar da ake waldar kowane get da ita.

Ka ɗauki mai shayi. In ya haɗa madara mai kauri ya tsiyaya mata ruwa, ta tsinke. Haka narkakken ƙarfe yake a bakin walda. Sitenles iri-iri ne, kowanne da lambarsa; mai lamba 304 yana da kuromiyam kashi 18 da sinadarin nikel kashi 8. Wuta ta narka gefensa, ta narka gefen baƙin ƙarfe, ta narka sandar da ba ta da kuromiyam, duka suka cakuɗe. Abin da ya daskare a wurin ya faɗo ƙasa da ma'aunin sitenles, sai tsatsa ta samu ƙofa. Ya kuma yi tauri irin mai karyewa, ga shi sitenles ya fi baƙin ƙarfe buɗewa in ya sha zafi, to da suka huce sai kowanne ya ja nasa gefen. Daga nan tsagewar take. Shi ya sa aka yi sanda ta musamman, 309L, mai kuromiyam wajen kashi 23 da nikel wajen 13. An cika mata kauri tun farko, ko an tsinka ta da baƙin ƙarfe, abin da ya rage ya isa. Ta fi tsada, kuma wannan tsadar ce wasu ke gudu su bar mai gida da asara.

Legas kuma ba Kano ba ce. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, ga laima kusan duk shekara. In ruwan gishiri ya kwanta a mahaɗar ƙarafan nan biyu, sai su zama kamar batir, baƙin ƙarfen ne ke cinyewa da sauri fiye da in yana shi kaɗai. Dole a shafe shi da fenti har a haura kan waldar zuwa jikin sitenles. Kada kuma a goge sitenles da faifan giranda da aka goge baƙin ƙarfe da shi, ɓurɓushin da ya maƙale zai fito da ɗigon tsatsa.

Sai batun maganaɗisu, wanda 'yan gwangwan a kasuwar Owode Onirin ta Legas suka riƙe a matsayin alƙali: in bai kama ba, mai kyau ne. Ai lamba 201, mai arha da ƙarancin nikel, shi ma ba ya kamawa sosai, alhali a bakin teku yana saurin tabo. Lamba 430 kuwa yana kamawa, kuma sitenles ne na gaskiya. Wanda ke gini a Lekki ko Ajah, 316 ya kamata ya nema, saboda sinadarin molibdinam da ke cikinsa yana jure gishiri.

Baffa ya sa an yanke mahaɗun, an sake su da 309L, an bi su da fenti. Wannan karon sai da ya karɓi kwalin sandar ya karanta lambar da idonsa kafin a kunna inji.