Mene ne Daidaiton Nash?

Daidaiton Nash matsaya ce da ake kaiwa idan kowa ya zaɓi abin da ya fi masa alheri bisa zaɓin sauran, har ya zama babu wanda zai ƙaru da komai in ya sauya shi kaɗai. Ginshiƙi ne a ƙa'idar wasa, wato reshen lissafin da ke nazarin duk halin da ribar mutum ta rataya a kan abin da wani zai yi. John Nash, masanin lissafi ɗan Amurka, ya tabbatar a 1950 cewa muddin masu wasa da zaɓuɓɓukansu suna da iyaka, akwai irin wannan matsaya aƙalla ɗaya, in an yarda mutum ya riƙa gauraya zaɓinsa ta hanyar ƙuri'a. A 1994 ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki tare da John Harsanyi da Reinhard Selten.

Kafin a gano ta sai an rubuta abu uku: su wa ke wasan, me kowa zai iya yi, me kowa zai samu a kowace haɗuwa. A ɗauki fursunoni biyu da aka tsare a ɗakuna dabam. In duk sun yi shiru, shekara 1 kowanne. In duk sun yi iƙirari, shekara 5. In ɗaya ya tona ɗaya ya yi shiru, a saki mai tonawa, a ɗaure ɗayan shekara 10. Sai a kafe zaɓin na biyu, a duba na farko. Abokinsa ya yi shiru? Tonawa ta fi, don sakinsa ya fi shekara 1. Abokinsa ya tona? Tonawar dai, don 5 ta fi 10 sauƙi. Lissafin na biyu ma haka yake, saboda haka su biyun za su kwashi shekara biyar-biyar alhali ɗai-ɗai tana gabansu. A nan mutane da yawa ke kuskure: daidaito ba ya nufin mafi kyawun sakamako, yana nufin wanda ba a iya fita daga cikinsa da ƙarfin mutum ɗaya.

Wannan shi ya sa masu nazarin al'ada suke ji da shi. Tuƙi ta hannun dama ko ta hagu duk daidaito ne. Babu wanda ya fi, amma direban da ya sauya shi kaɗai karo zai yi. Da Suwidin ta so komawa dama, sai da aka ɗora wa kowa a lokaci guda, ƙarfe 5 na asubar 3 ga Satumba 1967. Yawancin ɗabi'un da kowa ke kuka da su amma ba a daina ba irin wannan tarko ne, kuma wa'azi ga mutum ɗaya ba ya kwance shi, sai an sauya abin da kowa ke zaton maƙwabcinsa zai yi.

Inda lissafin ya fi lalacewa shi ne wajen sa lambobi. In aka ƙirga kuɗi kawai aka manta da mutunci da jin an zalunce ka, hasashen zai kauce. A gwajin da ake ba mutum kuɗi ya raba da wani, wanda in ya ƙi kason duk su tashi a tutar babu, lissafin kuɗi zalla ya ce a karɓi ko nawa ne. Amma sau da yawa mutane na watsi da kason da bai kai kashi 20 cikin 100 ba.

Wani kuskuren kuma shi ne ɗaukar mu'amala mai maimaituwa kamar ta sau ɗaya ce. Da masanin kimiyyar siyasa Robert Axelrod ya haɗa manhajojin kwamfuta gasar wasan fursunoni mai zagaye da yawa, sakamakon da ya wallafa a 1980 ya nuna dabarar Anatol Rapoport, ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga gasar, ce ta yi nasara: fara da haɗin kai, wato yin shiru, daga nan ka mayar wa abokin wasa abin da ya yi maka a zagayen da ya wuce.