Waiwaye: Korona da Ciwon Damuwa a Tsakanin Ɗalibai Mata 'Ya'yan Talakawa a Legas

Tun kafin a tabbatar da ɓullar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, abin hannu ya riga ya ja baya a gidajen Hausawa da dama na Agege, Idi-Araba da Mile 12, domin a farkon watan ne gwamnatin jihar ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, alhali da wannan sana'a iyaye da yayye da yawa suke biyan kuɗin makaranta. A watan Maris aka rufe jami'o'i, dokar kulle ta fara aiki ranar 30 ga wata, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta tsunduma yajin aikin da ba ta janye ba sai 23 ga Disamba.

Ɗalibar da ta baro jami'ar da ke unguwar Akoka ko ta Ojo ta dawo ɗaki guda da take kwana da ƙannenta, girki da ɗiban ruwa da raino suka koma wuyanta, ba wuyan ɗan'uwanta namiji ba. Da aka mayar da darasi intanet, sai ga ta a bakin ƙofa da tsakar dare tana laluben sabis da wayar da ta kusa mutuwa, ga rashin wuta, ga kuɗin data da ake yagowa daga na cefane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tambayar da dangi suka riƙa yi yayin da zaman ya yi tsawo: "Zaman me take yi, ba a aurar da ita?" Kullum tana cikin fargabar kada karatun ya tsaya nan.

Da aka koma aji, an matse zangon karatu, jarrabawa ta biyo bayan jarrabawa. Rashin barci, yawan kuka, ƙin abinci da kasa riƙe karatu alamomi ne na ciwon damuwa, amma a gida akan ce iska ce ko ƙarancin tawakkali, kuma ambaton asibitin masu taɓin hankali na Yaba kaɗai ya isa a kira yarinya mahaukaciya, manema su janye. Don haka da yawa suka haɗiye abin a ciki. A lokacin, dokar da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya ta zamanin Turawa ce, ta 1958, ba a kuwa sa hannu a kan sabuwa ba sai a Janairun 2023, bayan da yawa daga cikin waɗannan ɗalibai sun sake shan wani yajin aikin na wata takwas a 2022.